Rabuwar Masu Bi A Paraku Da Jugu Abin Kunya Ne

Duk wanda ya bi ta unguwar Kpebie a birnin Paraku da safiyar Lahadi zai ji waƙoƙin yabo suna tashi ta ko'ina, wannan da Faransanci, wancan da harshen Bargawa, wani da Yarbanci ko Fon, ga kuma 'yan tsirarun da ke sujada da Hausa. Baƙo zai ce, lalle Allah ya yi wa wannan unguwa albarka. Amma bari a tashi daga sujada. Mutumin wannan majami'a ba ya sanin rashin lafiyar ɗan'uwansa na waccan, ko da katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Idan ya sani ma, sai ya ce, “Ai ba namu ba ne.” Wannan magana ta “ba namu ba ne” zunubi ce, kuma ya kamata a kira ta da sunanta.

Hausawa ba baƙi ba ne a waɗannan garuruwa. Tun zamanin fataucin goro ayarin Kano da Katsina ke ratsa Nikki da Paraku da Jugu zuwa Gwanja, suna sauka a zango. Fatake sun san abu ɗaya sarai: wanda ya ware daga ayari, shi ne rabon 'yan fashi. Madugu ɗaya, hanya ɗaya, ko da kowa da hajarsa. Abin mamaki, yau masu bi da ke jin Hausa a nan, waɗanda yawancinsu daga Nijeriya da Nijar neman abinci ya kawo su, ba su da yawa, duk da haka sun fi fatake na dā son warewa. A Jugu, inda Musulmi suka fi yawa nesa ba kusa ba, rabuwar ta fi muni, gama idon gari duka yana kan ɗan ƙaramin garken.

Bishara ta shigo ƙasar nan ta ƙofofi da dama, ba mai musun wannan. Thomas Birch Freeman na Metodis ya iso Dahomey a 1843. Fada-fada na Katolika sun sauka a Wida a 1861. Mishan ta SIM ta soma aiki a arewa a 1946, daga aikinta ekklisiyoyin UEEB suka fito, da asibitin Bembereke da aka buɗe a 1961. Paraku ta zama babbar dayosis a 1997, Jugu kuwa ta sami nata bishop a 1995. Kowane ɗaya ya yi shuka, ya sha rana, ya binne mutanensa a ƙasar nan. Amma mai ciwo da aka kai Bembereke ko asibitin Boko, wa ya taɓa tambayarsa katin baftismarsa kafin a ba shi gado? In asibiti ya iya wannan, me ya hana majami'a?

Ga abin da ya kamata ya hana kowane dattijon ekklisiya barci. A 1974 gwamnatin Mathieu Kerekou ta rungumi aƙidar Markisanci, ta karɓe makarantun mishan. Ba ta tsaya bambanta na Katolika da na Furotesta ba, duka ta kwashe. Da ƙasa ta tsaya cik, albashi ya gagara, aka kira babban taron ƙasa a Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990. Wa aka ɗora ya shugabanci taron? Bawan Allah, Monsinyo Isidore de Souza. Soja da 'yan siyasa da 'yan ƙwadago suka saurare shi, aka sauya mulki ba a zub da jini ba, har sauran ƙasashen Afirka suka riƙa koyi da Benin. Ran nan ekklisiya ce ta sulhunta masu mulki.

Shekara ashirin da shida bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. Ekklisiyar Metodis ta Benin, wadda ta girmi dukan ekklisiyoyin Furotesta a ƙasar, ta tsage biyu tun wajen 1997 a kan shugabanci. Aka yi ta kai juna kotu. Iyali ɗaya, miji na wannan ɓangare, ƙaninsa na wancan. Yaron da aka haifa a farkon rikicin ya isa aure kafin a gama shi. Ba a shirya ba sai a 2016, da shugaban ƙasa Patrice Talon ya sa baki, ya zaunar da ɓangarorin biyu. A yi godiya ga Allah domin wannan sulhu, a kuma yaba wa waɗanda suka haɗiye fushi suka miƙa hannu. Amma kada a ɓoye kunyar da ke ciki. Mutanen da aka danƙa wa hidimar sulhu, sai da fadar shugaban ƙasa ta sulhunta su. Manzo Bulus ya riga ya tsauta wa Korantiyawa a kan wannan a sura ta 6 ta wasiƙarsa ta fari, da ya ji suna kai ƙarar juna gaban alƙalan duniya. A ganinsa gara mutum ya yarda a cuce shi. Kada wani a Kpebie ya ce wannan labarin mutanen kudu ne. Irin ƙwayar na nan a arewa, ƙanƙanta kawai ta yi.

Akwai masu cewa, “Gaskiya ta fi haɗin kai; ba za a haɗa haske da duhu ba.” Maganar tana da nauyi, gama akwai bambancin koyarwa na gaske tsakanin ekklisiyoyi, a kan Jibin Ubangiji, da baftismar jarirai, da ikon Paparoma, ba kuwa za a share su da murmushi ba. Ba wanda ya ce Bakatolike ya bar Mass, ko mutumin UEEB ya bar abin da aka koya masa. Amma a bincika da gaskiya, tsage-tsagen da ake gani a unguwanni, nawa ne a cikinsu koyarwa ta jawo? Mai wa'azi ya saɓa da fasto a kan baiko, ko an sauya masa wurin aiki bai so ba, ko an sa shi ƙarƙashin horo, sai ga shi ya kama hayar shago, ya sayi lasifika, ya ce Ruhu ne ya yi masa magana. Mutum ashirin da ya tara, ba ko ɗaya da ya tuba ta bakinsa. Daga garken maƙwabcinsa ya janye su. Makiyayin da ya kora shanun wani zuwa nasa ruga, a kasuwar shanu ta Paraku an san sunan da ake kiransa.

Sai kuma rabuwar harshe, wadda ta fi kowace ɓuya, domin ba a faɗinta da baki. Sujada da harshen uwa abu ne mai kyau. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932 domin haka. Amma idan aka zo zaɓen dattawa, ko rabon taimako, sai a ga 'yan ƙasa a gefe ɗaya, baƙi a gefe ɗaya, Bafulatanin da ya ba da gaskiya kuwa yana can bayan benci ba mai tunawa da shi. Wannan ciwo tsoho ne. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu mata a rabon abinci. Manzanni ba su ce su je su gina tasu majami'a ba. Aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, in kuwa aka duba sunayensu, dukansu na Helenanci ne. Wato masu rinjaye suka miƙa tukunya ga hannun waɗanda suka yi kuka. Wace ekklisiya ce a Paraku ta taɓa miƙa jakar baiko ga hannun baƙo?

Lokacin nan ma ba na wasa ba ne. Tun ƙarshen 2021 masu ɗauke da makamai suka soma kai hari a iyakar arewa, cikin Alibori da Atakora, mutane suna ta gudowa kudu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe iyakar Malanbil, direbobi da 'yan dako da masu sayar da abinci a tasha suka ji a jikinsu. Wanda ya gudo da tabarma ɗaya ba ya tambayar sunan ɗarika. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga wannan kuma: a 4 ga Fabrairu 1993 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Paraku, ya zauna da shugabannin Musulmi cikin girmamawa. Tsoho daga Roma ya iya gaisawa da limaman garin, amma ana samun mai bi da ba ya iya taka ƙofar majami'ar ɗan'uwansa ko ranar jana'iza.

Kowace shekara daga 18 zuwa 25 ga Janairu ana makon addu'a domin haɗin kan masu bi. Manya sukan zauna a kujerun gaba, a karanta Yohanna sura 17, inda Ubangiji ya roƙi Uba a daren da aka bashe shi domin almajiransa su zama ɗaya, duniya ta gani ta gaskata. A yi waƙa, a sha lemo, a watse sai baɗi. Wannan bai isa ba. Abin da ake bukata ba ya cin ko sefa ɗari. Fastoci da katekis da dattawan Kpebie su zauna sau ɗaya a wata, su rubuta sunayen gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira na unguwa a littafi ɗaya, ba tare da layin ɗarika ba. Su ɗaure alkawari cewa wanda aka sa ƙarƙashin horo a majami'a ɗaya ba za a ba shi bagade a wata ba sai an tambayi inda ya fito. Idan aka yi rasuwa, zumuntar mata ta kowace majami'a ta kai itace da hatsi gidan makoki, maza su fito haƙar kabari. A Jugu ma haka, ko da mutum biyar ne za su fara.