Shugaba, kafin ka ce ma'aikata ragwaye ne, fara duba kanka



Akwai wata magana da ta zama kamar gaisuwa a bakin masu riƙe da mutane a yankin nan namu. Mai garkar albasa yana faɗinta, diraktan lakkwal yana faɗinta, majo a gidan likita yana faɗinta, shugaban ƙungiyar manoma da mai babban shago su ma haka. Wai mutanen yanzu ba su son aiki, kuɗi kawai suke so. Mun daɗe muna jin ta muna haɗiyewa, yau dai za mu ba ta amsa. A mafi yawan wuraren da aiki ya mutu, daga sama mutuwar ta faro, daga wajen mai ba da umarni.

Shaidarmu tana nan a ƙasar Keita, kowa na iya zuwa ya gani. A 1984, cikin tsananin fari, aka soma aikin farfaɗo da ƙasa wanda ƙasar Italiya ta ba da kuɗinsa, hukumar FAO ta gudanar, hukumar abinci ta duniya PAM kuma ta riƙa biyan ma'aikata da abinci. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. An dasa itace wajen miliyan 18, an gyara fako da tuddai sama da hekta dubu 30, an gina madatsun ruwa, an fitar da hanyoyi. Su wa suka haƙa ramukan nan a kan dutse, suka ɗauki duwatsu a ka cikin ranar Adar? Mafi yawansu mata ne, iyayenmu da kakanninmu, domin maza da yawa sun tafi ci-rani. 'Ya'yansu da jikokinsu ne ake kira ragwaye yau.

Wani zai ce ai yunwa ce ta sa su. Gaskiya ne akwai yunwa, ba mu musa ba. Amma yunwa tana kawo mutum bakin aiki ne kawai, ba ta sa shi ya jera dutse da kyau har ya tare ruwan damina shekara da shekaru. Matan nan sun san abin da za a ba su a kan yini guda na aiki, an auna shi, kowa ya san ma'aunin. Sun san abin da ake so su yi a ranar. Kuma suna ganin amfanin guminsu da idonsu, ƙasar da ta zama fako ta sake fitar da ciyawa da hatsi. Waɗannan abubuwa uku, mu tambayi kanmu, wuraren aikinmu nawa ne suke da su yau?

Ga kuma kwarin Majiya. Layukan dogon yaro da suka tare iska suka ceci gonaki, an soma dasa su a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE. Tunanin ya fito ne daga ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, tare da wani ɗan aikin sa-kai Ba'amurke. Mutumin da ke yawo cikin gonaki ya ga matsala, ya kawo shawara, aka saurare shi. Da a hannun irin wasu shugabanninmu na yau ya faɗa, da an ce masa: kai wa ya tambaye ka, tsaya matsayinka. Shawara nawa irin wannan ta mutu a cikin cikin ƙananan ma'aikata saboda sun san in sun buɗe baki za a gwale su?

Mu dubi samarinmu ma. Yaron da ake cewa ba ya iya yini guda a garka, shi ne zai je Abijan ko Akara ko Libiya ko Aljeriya ya yi dako da aikin gini tun asuba har dare, ya aiko da kuɗin hatsi gida. Ba mu ce can aljanna ba ce, wulaƙanci da haɗarin da ke can kowa ya sani. Amma in mutum ya zaɓi ƙetare hamada a kan ya yi maka aiki a ƙofar gidansu, ya kamata ka zauna ka yi lissafi da kanka.

To, ina ne masu riƙe da mutane suke ɓata lamari?

Na farko shi ne haƙƙi. A nan kwarin Tarka, lokacin dashen albasa da lokacin cire ta, ana ɗaukar 'yan ƙwadago da yawa. Sau nawa ake ɗaukar mutum ba a yanke kuɗin aiki ba, a ce masa "kai dai yi, ba za mu ɓata ba"? In an gama sai a ce ya jira a sayar da albasa, ko a ce kasuwa ta faɗi, alhali da kasuwa ta tashi ba a ƙara masa ko dala. Albasa tana rudu tana jiran tsada, mai ban ruwa yana gida yana cin bashin gero. Wanda aka yi wa haka bana, baɗi zai dawo ne don dole, kuma ruwan da zai ba fangalinka na ganin ido ne. A yanke magana tun farko gaban shaida, a faɗi ranar biya, a cika. Masu ma'aikatan wata kuma su sani akwai doka: kundin dokokin aiki na ƙasarmu, doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ya tsara sa'o'in aiki da hutu da lokacin biyan albashi. Mafi ƙanƙantar albashi ya daɗe a sefa 30.047 kafin a ɗaga shi zuwa jika 42 daga farkon 2024. Wanda yake biyan mai gadi ko mai shara ƙasa da haka, sannan yana kukan ba su da himma, da bakin me yake magana?

Na biyu, mutunci. Muna da shugabannin da ba su iya gyara kuskure sai an taru. Malami a tsawata masa gaban ɗalibansa, ungozoma a zage ta gaban masu jinya, yaron shago a kira shi ɓarawo gaban masu ciniki a kan lissafin da ba a ma sake dubawa ba. Bahaushe yana iya jure yunwa, amma cin fuska yana ajiye shi a rai. Wanda ka kunyata ba zai ƙara kawo maka labarin matsala ba. Injin ban ruwa zai fara ƙara, ya yi shiru har ya ƙone. Magani zai kusa ƙarewa, ya yi shiru har mara lafiya ya zo a rasa. Ka kira mutum gefe ka faɗa masa laifinsa, komai ɗacinsa. Yabo kuwa shi ake yi a bainar jama'a, kuma da sunan wanda ya yi aikin. Mun ga wurare da dama inda ƙanana ke yin wahala, in baƙi suka zo daga Tawa ko Yamai sai shugaba ya tsaya gaba yana "na yi, na yi", waɗanda suka yi ɗin suna can baya suna ɗauko kujeru.

Na uku, shugaba ya kasance yana nan. Kujerar da mai ita ke zuwa ƙarfe goma ya tashi sha biyu ba ta da bakin tambayar wanda ya makara. Wasu kuma rabin wata suna wajen taron ƙara wa juna sani, suna karɓar kuɗin zama, har da tarukan da ake koyar da yadda ake tafiyar da ma'aikata. Su dawo da jaka da takardar shaida, halin na nan yadda yake. In takardar gayyata ta zo, ko da aikin na ƙaramin ma'aikaci ne, shugaba ne zai tafi ko ya tura na kusa da shi. Ma'aikata suna gani, suna ƙirgawa. Horo da kuɗin zama a riƙa yin su bi da bi, wanda ya je ya dawo ya koya wa saura.

Na huɗu, adalci. Babu abin da ke kashe zuciyar mai ƙoƙari kamar ya ga ɗan uwan shugaba, ko ɗan garinsu, ko wanda wani babba ya kawo, yana fashin aiki ba mai ce masa uffan, shi kuwa jinkirin minti goma an rubuta shi. Aiki mai wuya, tsaron dare, ƙauye mai nisa, kullum a kan wanda ba shi da kowa. Daga ranar da mutane suka gane cewa ƙoƙari ba ya kai mutum ko'ina, sai su koma neman fada da kai gulma, domin sun ga ita ce ke biya. Shugaban da ke buɗe kunne ga 'yan kai tsegumi shi ne ya raba kan mutanensa da hannunsa.

Abin mamaki, duk wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Ku tuna yadda gandu yake. Maigida yana gaba a gona, shi ke ciyar da masu yi masa aiki, shi ke biyan haraji, shi ke ɗaukar nauyin aurensu in lokaci ya yi, sannan ya bar musu ranaku su noma gayaunarsu, wadda wasu ke cewa gamana, abin da suka samu nasu ne. Ya san in mutum ba shi da abin da zai kira nasa, ba zai daɗe ba. Ku tuna gayya: mai gona yana tanadin fura da tuwo, makaɗa suna kiran sunan wanda ya yi fice, samari suna rige-rigen kai kunya. Ba mai riƙe da bulala, amma gona tana ƙarewa kafin la'asar. Iyayenmu sun san cewa ciki da suna da rabo su ke motsa mutum. Mu da muka shiga lakkwal muka samu tambari da teburi, mu ne muka manta.

Mun san abin da masu kujera za su ce, kuma ya kamata a ba su amsa.

Za su ce kuɗi ba a hannunsu yake ba. Diraktan lakkwal ba shi ke biyan malaman kwantiragi ba, majo ba shi ke sayo kayan aiki ba. Haka ne. Amma faɗin gaskiya a hannunka yake. Ka tara mutanenka ka ce ga inda takardunku suka tsaya, ga wanda na kira, ga ranar da zan koma. Ka bi musu haƙƙinsu kamar yadda kake bin naka. Wanda ya wata biyu bai ga kuɗinsa ba, ya nemi izinin yini guda ya je ya nemo abin da iyali za su ci, kada ka karanta masa doka kamar ba ka san halin da yake ciki ba. Ma'aikaci yana bambance shugaban da ba shi da hali da shugaban da bai damu ba.

Za su ce in ka yi laushi za a raina ka. Ba mu ce a yi sakaci ba. Doka ta zama a fili, kowa ya san aikinsa da lokacinsa, wanda ya karya a hukunta shi ko ɗan wa ne. Wannan shi ke kawo kwarjini. Tsawa da barazana tsoro suke kawowa, shi kuwa tsoro yana aiki ne muddin kana tsaye a wurin. Ka juya baya, kowa ya ajiye hauya.

Za su ce akwai ragwaye na gaske, akwai maha'inta. Akwai su mana, kowane gari da nasa. Kuma muna gaya wa 'yan uwanmu ma'aikata cewa wanda ya karɓi kuɗi bai yi aiki ba ya ci amana, ko shugabansa mugu ne ko nagari. Sai dai in mutum ɗaya cikin goma ya lalace, laifinsa ne. In tara suka yi sanyi, ko kuma kowace shekara sai ka nemi sababbin mutane domin na bara sun gudu, to ba sai an kira boka ba.

Abin da ya sa muka ɗaga murya shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan ɓarna ba shugaba ba ne. Ɗalibi ne da malaminsa ya karaya. Mai naƙuda ce da ta tarar da ma'aikaciyar da aka ɓata wa rai tun safe. Ƙungiyar manoma ce da ke watsewa domin shugabanta ba ya karanta lissafi gaban mambobi. Gari ne da ƙarfafansa ke tafiya suna barin tsofaffi da mata da gona.

Don haka ga roƙonmu ga duk mai mutane a ƙarƙashinsa, ko biyu ne ko ɗari. Wannan satin ka zauna da su, ka tambaye su abin da ke hana aiki tafiya, ka yi shiru ka ji har ƙarshe ba tare da ka kare kanka ba. Ka zaɓi abu ɗaya cikin abin da suka faɗa ka gyara kafin wata ya ƙare. Wanda kake riƙe da kuɗinsa ka biya shi. Wanda ka ci wa fuska ka neme shi. Ku kuma masu sauraro, in akwai shugaba a garinku da ke riƙe mutanensa da kyau, ku faɗi alherinsa a ƙasan wannan rubutu don wasu su yi koyi. Masu ƙorafi kuma a faɗi hali, a bar suna.

Allah ya ba shugabanninmu adalci, ya ba ma'aikatanmu riƙon amana, ya sa albarka a guminmu baki ɗaya.