Ɗanɗanon wasan bidiyo: wa ke biyan kuɗinsa a Kafanchan?

Kamfanonin wasannin bidiyo sun daɗe suna ba da ɗanɗano. Sukan yanko wani ɓangare na wasa su ce a sauke a buga ba ko sisi, wanda ya ji daɗi ya sayi cikakke. Da haka id Software ya yaɗa Doom a 1993, kuma tun 2021 kasuwar Steam take shirya Next Fest, inda ake baje ɗaruruwan irinsu na tsawon mako guda. Amfanin a fili yake: mutum zai san ko na'urarsa za ta iya ɗauka, zai kuma gane ko tallan da ya gani gaskiya ne. Ƙananan masu ƙirƙira da ba su da kuɗin talla su ma suna samun a san da su. Ban musa wannan ba. Abin da nake shakka shi ne ko lissafin yana fita ga yaron da ke Kafanchan, ko Kagoro, ko Zonkwa.

A fara da data. Ɗanɗanon babban wasa na PlayStation ko kwamfuta yakan kai gigabait da dama, a nan kuwa yawancin mutane da layin waya suke saukewa, suna kallon datar tana ƙonewa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da wannan datar yake neman kayan karatu. Idan ya ƙarar da ita kan wasan da zai yanke masa bayan minti talatin, ya biya, sai dai kuɗin bai shiga aljihun mai wasan ba. Ga kuma wuta. In aka ɗauke ana tsakiyar saukewa, sai a tada janareto, fetur kuwa kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Mai tsire yakan miƙa maka yanka ɗaya ne don ya san kana iya sayen tsinke biyu. A nan fa? Sabon babban wasa dala 70 ne tun zuwan PlayStation 5 a 2020, wato sama da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. An tsokano wa yaro kwaɗayin abin da mahaifinsa ma'aikaci ba zai iya saya da albashin wata ba. Daga nan ne wasu ke faɗawa shafukan wasannin sata, su kwaso wa wayarsu ko kwamfutarsu cuta, wani lokaci har da satar bayanan banki.

Su ma masu ƙirƙirar ba su tsira ba. Ɗanɗano aiki ne na daban, sai an ware masa mutane da watanni. A 2013 mai tsara wasanni Jesse Schell ya nuna alƙaluman Xbox 360 da ke cewa wasannin da aka tallata da bidiyo kaɗai sun ninka masu ɗanɗano ciniki. An yi ta gardama a kan dalilin, amma kamfanin EA dai ya daina fitar da ɗanɗanon wasan ƙwallonsa na FIFA tun 2020. Kuma ɗanɗano ba mallakarka ba ne: kamfanin Konami ya janye ɗanɗanon P.T. daga kasuwar PlayStation a 2015, bayan ya soke wasan Silent Hills da aka yi shi dominsa.

A ganina, ɗanɗanon da ya dace da Kafanchan yana nan tun tuni a shagunan gem. Yaro ya biya kuɗin wasa ɗaya, ya riƙe hannu, ya buga cikakken wasan ƙwallo da abokinsa, ya tashi. Mai shago ne ya ɗauki nauyin data da fetur da na'ura, ya raba shi kan mutane da yawa. Shi ne ya kamata ya sauke ɗanɗano, domin shi kaɗai ke da dalilin gwadawa kafin ya zuba jarinsa, kuma ko shi ɗin ma, in ba wasan ƙwallo ko na faɗa ba ne, da wuya kwastomominsa su nema.