Fashin Makaranta a Wuse: Bulala Ba Ta Maido da Yaro Aji

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ta kuma tanadi gargaɗi, sannan tara ko ɗauri, ga iyayen da suka ƙi tura 'ya'yansu, amma duk wanda ya ratsa Kasuwar Wuse da ke Abuja da hantsi zai ga yara suna tura baro ko tallar ruwan leda a daidai lokacin darasi. Fashi mai naci, wato yawan rashin zuwa aji har karatu ya kuɓuce wa ɗalibi, galibi talauci da tsadar kuɗin mota ne ke haifar da shi, don haka bulala da kora ba sa magance shi, sai dai su ƙara nesanta yaro da makaranta.

Hukuma ma tana da nata laifin, domin yajin aikin malaman firamare na Abuja a 2025, kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ya rufe azuzuwa fiye da wata uku. Wajibi ne ƙananan hukumomin birnin su riƙa biyan malamai a kan kari, sannan a ɗora wa kowace makaranta alhakin bibiyar rajistar kiran suna, ta yadda yaron da ya yi mako guda ba a gan shi ba za a je har gida a ji dalili.