Dokar taba tana Yamai, hayaƙin yana Tamaske

Wallahi abin ya ishe ni. Nijar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan yaƙi da taba tun 2005, a ranar 15 ga Mayu 2006 kuma aka kafa doka mai lamba 2006-12 wadda ta hana sayar wa yara taba, ta hana busa ta a wuraren taruwar jama'a. To, ɗan'uwa, shiga kasuwar Tamaske ka tsaya gaban mai tebur. Za ka ga babba ya aiki yaron da bai gama firamare ba ya sayo masa kara biyu, mai tebur ya fasa kwali ya miƙa masa, yaron ya ruga. Ba wanda ya ce uffan. Kai ma ka gani, ni ma na gani.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda ya damu ya zo ya ƙirga. Samari nawa ne suka koyo sigari a wurin cin rani a Abijan ko Legas suka dawo da ita gida? Tsofaffi nawa ke dunƙula garin taba da kanwa a kunci tun daga asuba har kwanciya, suna rantsuwa cewa wannan ba taba ba ce tunda ba ta hayaƙi? Masu tarin da ke cika ɗakunan shan magani a Keita, Buza da Madawa, akwai mai tambayar su ko suna sha, ya rubuta? Ta yaya za a gyara doka, ko a tsai da haraji, a kan mutanen da ba a taɓa zama da su ba?

Kuma ba masana muka rasa ba. Jami'ar Tawa tana da malaman shari'a da na tattalin arziki. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi tana horar da likitoci. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta suna nan Sakkwato, ƙetaren iyakar Konni da Illela, kuma Najeriya ma tana da tata dokar tun 2015. Harshenmu ɗaya, kasuwanninmu ɗaya, kwalin da aka fasa a can shi ake ƙarasawa a nan. Masu fasa-ƙwauri sun daɗe da haɗa kai, har hanyar Agadas zuwa Libiya sun san ta kamar tafin hannunsu. Masu ilimi ne kaɗai kowa ke rungume da takardarsa, wannan da Faransanci, wancan da Turanci, ba mai karanta na wani. Haba!

Kada a ce mini ƙauye ya yi nisa. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO, ai a kan duwatsun nan namu aka yi shi. Masana suka zo suka auna ƙasa da ruwa, matanmu suka ɗauki duwatsu a ka, aka dasa itatuwa. An iya yi wa ƙasa, huhun mutanen da ke kanta ne ba a iya yi wa ba?

Kowace 31 ga Mayu a taru a babban birni, a yi jawabi, a faɗi cewa taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a duniya duk shekara, a raba riguna, a watse. Kuɗin taro guda ya isa a tura ɗalibai su yi wata ɗaya tsakanin Tamaske da Madawa, su zauna da mai tebur da ma'aikacin jinya da jami'in duwan da limami, su tambaya da Hausa. In sun gama, su dawo gaban hakimi da magajin gari su karanta mana sakamakon da Hausa, mu ji da kunnenmu, kafin a kai shi Yamai.