Gwani ba ya gaggawa

Kowane yaro ya san dara. Da la'asar dattijai na zama gindin itace, su haƙa gurabe 30 cikin rairayi, wannan ya ɗauki ƴan itatuwa 12, wancan ya ɗauki tsakuwa 12. Wanda ya jera uku sai ya ci ɗaya daga na abokin wasansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallo ya lura da abu guda: gwanin dara ba ya gaggawa. Tun wajen dasa ƴaƴa yake shirya cinsa, ko da yake cin sai can gaba zai zo.

Akwai wani wasa na allo da ake yi ko'ina cikin duniya. Larabawa na kiransa shaɗaranji, Faransawa na ce masa eshek. Asalinsa ƙasar Indiya, wajen ƙarni na 6. Daga can ya shiga Farisa, ya shiga ƙasashen Larabawa, kana ya isa Turai. Allon yana da gidaje 64, fari da baƙi. Mutum biyu ke wasa, kowa da runduna ta ƴaƴa 16: sarki 1, sarauniya 1, soro 2, doki 2, giwa 2, dakaru 8. Giwar nan ita ce Faransawa ke kira wawan sarki. Kowane ɗa da irin tafiyarsa. Soro na bin layi miƙe. Giwa na tafiya a karkace. Sarauniya ta haɗa tafiyar su biyu. Doki na tsallake. Dakare kuwa gaba kawai yake yi, ba ya komawa baya. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa har ya rasa wurin gudu, shi ya ci.

Yau yaro na iya koyon wasan nan ba tare da ya bar garinsu ba. Manyan gwanaye na ɗaukar wasanninsu cikin bidiyo, su sa a intanet, kowa ya kalla a salula. To, me ya kamata mai koyo ya ɗauka daga gare su? Da yawa dabarar ci da wuri suke nema. Wannan kuskure ne. Abin da ya fi daraja cikin bidiyon gwani shi ne haƙurinsa, da dalilin da yake bayarwa kafin kowane taku.

Ga misali. Akwai wata dabara da Faransawa ke kira dabarar makiyayi. Mai fari ya fito da sarauniya da giwa, su biyu su auna gida guda kusa da sarkin baƙi, gidan da sarki kaɗai ke tsaro. In mai baƙi bai lura ba, cikin taku 4 wasa ya ƙare. Yaron da ya koyi dabarar nan sai ya yi ta cin ƙannensa, yana jin ya zama gwani. Ran da ya gamu da wanda ya san maganinta, sai labari ya sake. Mai baƙi ya fito da doki, ya tura dakare ɗaya ya kori sarauniya, ya fito da doki na biyu ya tare hanya. Daga nan sarauniya sai yawo, ana korarta daga gida zuwa gida, sauran rundunarta kuwa suna barci a baya. Sauri ya haifi nawa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi iya koyar da maganin irin wannan gaggawa shi ne Daniyel Naroditski, mutumin Amurka. An haife shi a jihar Kaliforniya a 1995. A 2007 ya zama zakaran duniya na yara ƴan ƙasa da shekara 12, a ƙasar Turkiyya. A 2010, yana ɗan shekara 14, aka buga littafinsa kan yadda ake gyara zaman ƴaƴa a kan allo. A 2013 ya samu sunan babban gwani, wanda shi ne matsayi mafi girma da hukumar wasan ta duniya, FIDE, ke ba ɗan wasa, in ban da zakaran duniya. Ya rasu cikin watan Oktoba na 2025 yana da shekara 29. Bidiyoyinsa na koyarwa suna nan a YouTube.

Ga yadda ya riƙa yi. A intanet kowane ɗan wasa yana da maki da ke nuna ƙarfinsa. Naroditski sai ya fara daga ƙasa, wurin masu koyo, ya yi wasa da su ɗaya bayan ɗaya, yana hawa sannu sannu har ya kai ga masu ƙarfi. Yana wasa yana magana. Ya faɗi abin da yake gani, da abin da yake tsoro, da takun da ya so yi amma ya fasa, da dalilin fasawar. In wasa ya ƙare, ya koma baya ya nuna inda abokin wasansa ya kauce. In shi ne ya yi kuskure, ya faɗa, bai ɓoye ba. Abin mamaki, mutumin nan yana cikin waɗanda suka fi kowa saurin hannu a duniya, a wasan da ake ba kowa minti 1 kacal. Duk da haka abin da ya riƙa nuna wa masu koyo shi ne natsuwa. Saurinsa daga baya ya zo, bayan shekaru na zama da tunani.

Mai kallon irin waɗannan bidiyoyi zai ga abubuwa kaɗan suna ta dawowa. Da farko gwani na kama tsakiyar allo, gidajen nan 4 na cibiya, don daga can ƴaƴa ke isa ko'ina. Ya fito da dawaki da giwaye, kowa sau ɗaya, ba ya ta motsa ɗa guda ya bar saura. Ya ɓoye sarki a kusurwa bayan dakarunsa. Ya sa soro a layin da ba dakare a kai. Ya nema wa doki gidan da babu dakaren da zai iya korarsa. Kafin ya tura dakare ya yi tunani sau biyu, don dakare ba ya komawa, kuma gidan da ya bari baya ya zama kafa har ƙarshen wasa.

Akwai tambayoyi biyu da gwani ke yi wa kansa kullum. Ta farko: me abokin wasa ke nufi da takun da ya yi yanzu? Ta biyu: cikin rundunar nan, wane ɗa ne ya fi zaman banza? In babu abin ci, babu abin tsoro, sai ya ɗauki ɗan nan ya kai shi inda zai yi aiki. Ƴar riba kaɗan nan, ƴar riba kaɗan can, har su taru su yi nauyi. Wannan tunani ba sabo ba ne. Wilhelm Stainits, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, shi ya koyar da cewa kada a kai hari sai an tara irin waɗannan ƙananan ribobi.

Wani tsohon wasa ya nuna haka sarai. A 1974, a birnin Nis na Faransa, Anatoli Karpof na Tarayyar Sobiyet ya kara da Wolfgang Unzika na Jamus. Tun farko kowa ya ci dakare ɗaya, layin gefe ya buɗe. A taku na 24 Karpof ya kai giwa can cikin layin nan ya toshe shi. Ba ta ci komi ba, ba ta tsorata sarki ba. Amma a bayanta ya jera sorayensa biyu cikin kwanciyar hankali, Unzika kuwa ya rasa yadda zai yi musaya da su. Daga nan Karpof ya juya ɗaya gefen, ya tura dakare, ya matse. Fiye da taku 20 ba wanda ya ci ɗan wani. A taku na 44 Unzika ya sallama. Rundunarsu daidai take, ɗa bai fi ɗa ba, amma tasa ba ta da wurin motsi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1975, Karpof ya zama zakaran duniya. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Wasu na cewa irin wannan wasa na tsofaffi ne, ba shi da daɗi, yaro hari yake so. Gaskiya ne hari na da daɗi, kuma wanda bai iya ganin tarko ba, ko ya kai kowa haƙuri, za a ci shi. Amma haƙuri a kan allo ba naɗe hannu ba ne. Aiki ne. Manomin da ya shuka hatsi ba ya zama yana jiran kaka. Ya yi noman farko, ya yi cira, ya yi maimai. Haka mai wasa, kowane taku yana gyara wani abu. In ƴaƴansa duka sun samu wuri, hari da kansa yake zuwa, kuma shi ne harin da ba a iya tarewa.

Wasu na cewa bidiyoyin Naroditski da Ingilishi suke, ɗan lakwal kuwa hausa da faransanci ya sani. Ga shi kuma ba kowane gida ke da salula mai intanet ba, kuma intanet kuɗi take ci. Wannan magana na da ƙarfi. Sai dai akwai gwanaye masu koyarwa da faransanci. Ban da haka, allo na da nasa harshe. Layukan tsaye na da baƙaƙe daga a zuwa h, na kwance na da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida na da suna, kamar e4 ko f7. Wanda ya san wannan yana iya bin wasa ko bai ji maganar duka ba, ya rubuta shi cikin kaye, ya kai wa abokansa. Bidiyo guda da mushe ko wani babban wa ya ajiye cikin salula ya isa kilas aikin mako. Allo kuwa da kwali ake yi, ƴaƴa da yumɓu ko murfin kwalba.

Haɗarin gaske wani ne daban. Kallo na da daɗi, kuma yana da ruɗi. Yaro ya kwanta ya kalli bidiyo 5 a jere, gwani na bayani, komi ya zama da sauƙi. Ya tashi yana jin ya iya. Gobe a zaunar da shi gaban allo, sai ya koma ga tsohon halinsa, ya fito da sarauniya tun taku na 2. Gani ba ci ba ne. Ga dare ya tafi, ga karatun lakwal bai samu rabonsa ba. Irin wannan kallo, barinsa ya fi.

Kallo mai amfani yana da ƙa'ida. A ajiye allo kusa, a jera ƴaƴa kamar yadda suke cikin bidiyo. In lokacin takun gwani ya zo, a tsai da bidiyo. Kowa ya yi tunani, ya rubuta nasa taku da dalilinsa. Sannan a saki bidiyo, a gwada. In an dace, madalla. In an saɓa, nan ne darasi yake: me gwani ya gani da yaro bai gani ba? Wasa guda da aka bi haka ya fi goma da aka kalla a kwance. Bayan haka a yi wasa da aboki, ba da gaggawa ba, a rubuta shi. Wanda aka ci kada ya watsa ƴaƴa ya tashi da fushi. Ya koma baya ya nemo takun da ya ɓata masa wasa, yadda gwani ke yi.

Shaɗaranji ba ya koya wa yaro lissafi. Lissafi da lissafi ake koyonsa. Amma hali guda ne ake nema wuri biyun. Ɗan lakwal da mushe ya rubuta wa tambaya a tablo, ya ɗaga hannu tun bai gama karantawa ba, shi ne mai fito da sarauniya da wuri. Wanda ya karanta sau biyu, ya tambayi kansa me ake nema, kana ya ɗauki alli, shi ne ya ji abin da gwani ke faɗi. Yaron da ya saba riƙe hannunsa a kan allo har sai ya san dalilin takunsa, ya samu abin da zai yi masa amfani ko bayan an naɗe allo. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Gidaje nawa ke kan allon shaɗaranji? Gurabe nawa ke cikin dara?
2. Don me dabarar makiyayi ba ta cin wanda ya san maganinta?
3. Waɗanne tambayoyi biyu gwani ke yi wa kansa?
4. Yaya Karpof ya ci wasansa na 1974, alhali rundunarsu daidai take?
5. Mene ne bambancin kallo mai amfani da kallon banza?