Laminet a gidan da ake da yara: Abin da za ki duba kafin ki biya kuɗi



Yanzu ana yayin daɓen nan mai kama da katako, wanda 'yan kasuwa ke kira laminet. Amare na sa shi cikin lissafin jere, uwargida ma da ta gaji da kafet ta fara yi wa maigida zancensa. Da yawanku kun tambaye ni ko ya dace da gidan da ake da ƙananan yara. Ya dace, amma sai an sayi mai kyau, kuma akwai ɗakunan da bai kamata ya shiga ba sam. Ni aikin jinya nake yi, don haka hankalina ya fi karkata ga wanda zai yi rarrafe a kansa, hancinsa dab da ƙasa.

Mu fara da sanin abin da ake sayar mana. Wancan zanen katakon da ke burge ki hoto ne aka buga a takarda. A samansa akwai wani shafe mai tauri da ke kare shi daga ƙarzuwa, a ƙarƙashinsa kuma allo ne na garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse da inji, shi ne za ki ga an rubuta HDF a jikin kwali. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ne ya ƙirƙiro shi a 1977, a ƙasar da ake shara da injin zuƙe ƙura, ba a kwara ruwa a tsakar ɗaki. Mu kuwa da bokiti da mofa muka saba. Ga buta, ga yaron da ake koya wa zama a fo, ga kofin kunu da ya kife. Garin katako kuwa idan ya sha ruwa kumbura yake yi, kuma in ya kumbura ya kumbura ke nan, ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. Bakin allunan ya tashi, ya riƙa kama yatsan ƙafa, danshin da ya maƙale a ƙarƙashi ya fara funfuna.

Saboda haka idan kin shiga shago, a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Dei-Dei a Abuja, ki bar zancen launi zuwa ƙarshe. Ki ce a ba ki allo ɗaya ki juya gefensa. Mai kyau za ki ji shi da nauyi, cikinsa a cure, in kin sa farce ba ya marmashewa. Ki haɗa guda biyu ki gani: ya kamata su kama juna tsam, ba tsagar da ruwa zai bi. Kaurinsa yakan kama daga milimita 6 zuwa 12. Ni ba na ba da shawarar abin da ya gaza 8 a falo, domin siririn yana yawan ƙara in ana tafiya, haƙoran da ke riƙe shi kuma ba su da ƙarfi. In mai shago zai yarda ya ba ki guntu, ki tafi da shi gida ki jiƙa a kofi ya kwana. Da safe za ki ga wanda ya ɗan tasa kaɗan da wanda ya buɗe kamar biredin da ya faɗa shayi. Masu gwajin inganci ma jiƙa shi suke yi na awa 24 su auna kumburin.

A jikin kwali akwai lamba mai farawa da AC, daga AC1 zuwa AC6, wadda ke nuna juriyar saman ga gogayya. AC3 ya isa ɗakin kwana da falon da ba a cika shiga ba. Gidan da ake da yara huɗu da baƙi kullum, ga rairayin da iskar hunturu ke shigo da shi yana cin daɓe kamar sanfefa, AC4 ya fi. Sai dai ki sani, wannan lamba ba ta ce komai game da ruwa ba. Allo zai iya zama AC5 ya kumbura a damina ɗaya.

Yanzu ga inda ya fi damuna. Gam ɗin da ake haɗa garin katakon da shi yana fitar da wani sinadari mai suna fomaldihaid, ɗan'uwan fomalin ɗin da muke adana naman gwaji da shi a asibiti. Idan ya yi yawa a iskar ɗaki yana sa ido yaji da hawaye, da ƙaiƙayin maƙogwaro da tari, yana kuma tayar wa mai asma ciwonsa. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa kansa tun 2004, musamman ga masu shaƙarsa da yawa shekara da shekaru a wurin aiki. A 2015 an yi babbar badaƙala a Amurka, lokacin da shirin talabijin na 60 Minutes ya nuna cewa wani laminet da aka shigo da shi daga Sin yana fitar da sinadarin fiye da ƙa'ida, alhali kwalinsa na ɗauke da shaidar ya cika ta. Ba ina nufin duk kayan Sin haka suke ba, a can ma ana yin masu kyau. Amma zafi da danshi suna ƙara fitar wannan sinadari, mu kuma ga zafin Maris da Afrilu, ga tagogi a rufe saboda ƙura da sauro.

Don haka ki nemi alamar E1 a kwalin, ita ce ƙa'idar Turai, ko CARB 2 ta jihar Kalifoniya. Kwalin da ba sunan kamfani, ba ƙasar da aka yi shi, ba lamba ko ɗaya, ki bar musu kayansu ko da rabin kuɗi ne. Tunda rubutu ma yana iya yin ƙarya, ki haɗa da hancinki. A buɗe sabon kwali a gabanki ki sunsuna. Ɗan ƙanshin sabon katako ba laifi ba ne, amma warin da ke hawa kai yana sa ido ruwa, a'a. Bayan an shimfiɗa a bar tagogi a buɗe na wasu kwanaki kafin jariri ko mai asma ya koma kwana a ɗakin.

Kada na tsorata ku, yana da amfaninsa. Ga yaro mai asma ko yawan atishawa ya fi kafet nesa ba kusa ba, domin ƙura ba ta samun wurin ɓuya. Kuma ya fi tayil ɗumi lokacin sanyi. A nan bari na ɗan ratse: sanyin tayil ba ya kawo nimoniya kamar yadda kakanninmu ke faɗa, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, rigakafi ne kuma ke kare yaro. Daɗin zama kawai ɗumin ke ƙarawa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne santsi. Mai ƙyalli kamar madubi yana da kyau a hoto, amma yaro mai safa ko tsohuwa da ta fito daga alwala ƙafa a jiƙe, faɗuwa ɗaya ta isa. Karayar ƙugu ga tsoho kan kwantar da shi wata da watanni, wani ma ba ya sake tashi da ƙafarsa. Ki shafa da tafin hannu, ki zaɓi mai ɗan kaushi.

Kicin, banɗaki da bakin ƙofarsa, da duk inda feshin ruwan sama ke shigowa, a bar wa tayil. Idan kin nace sai mai kamar katako a irin waɗannan wurare, ki tambayi wanda ake kira SPC. Shi da garin dutse da roba ake yinsa, ruwa ba ya kumbura shi, gara ma ba ta cinsa. Gidan da aka san yana da gara kuwa, a yi maganinta tukuna, don laminet abincinta ne.

Kaya mai kyau ma yana lalacewa a hannun mai shimfiɗa. Sabon siminti yana ɗaukar makonni kafin ya bushe har ciki, kuma gaggawar biki ce ke sa a rufe shi da danshinsa. Ki manna leda a kan daɓen da salatif ta kwana ta wuni. In kin ɗaga kin ga raɓa, a jira. Dole ƙasan ya zama a miƙe, a shimfiɗa leda mai kauri da soso siriri kafin a jera allunan. Su kansu allunan a bar su cikin kwalinsu a ɗakin kwana biyu su saba da iskarsa. A bar tazarar kusan milimita 10 tsakaninsu da bango, domin suna buɗewa da damina su tsuke da hunturu. In aka matse su da bango, watan Agusta za ki ga tsakiyar falo ta yi tozo. Ki tsaya a kan mai aikin ki ga tazarar da idonki kafin ya rufe gindin bangon.

Wajen goge-goge, tsumma ko mofa da aka matse sosai ya wadatar, fitsari ko ruwa kuma a share nan take. Ki gaya wa mai taya ki aiki tun ranar farko, don hannunta ya saba da kwara ruwa. Kaskon turaren wuta a ɗora shi kan faranti ko guntun tayil, garwashi ɗaya in ya faɗo tabonsa ba ya fita.

In za a auna, a ƙara kashi 10 cikin 100 a kan faɗin ɗakin saboda yanke-yanke, kuma ki ajiye kwali ɗaya a busasshen wuri. Bayan shekara biyu da wuya ki sake samun launin nan a kasuwa idan allo ɗaya ya lalace.