Wasiƙa a Kan Gajeren Zango

Duk wanda ya taso a Kazaure ko Roni ya san gajeren zango, domin shi ya riƙa kawo BBC da Muryar Amurka cikin akwatin rediyon dattawa da asuba. Wannan zango yana ɗaukar rubutu kamar yadda yake ɗaukar murya. Matuƙan ƙananan jiragen ruwa sun daɗe suna aika imel ta kansa daga tsakiyar teku, musamman tun kafuwar ƙungiyar SailMail a 1998.

Kayan aikin ba su da yawa: rediyo mai aikawa da karɓa irin Icom M802, doguwar waya a matsayin eriya, batir, kwamfuta, sai na'urar Pactor, ƙirar kamfanin SCS na Jamus, wadda ke mayar da haruffa sauti. Saƙon yakan tashi ya doki wani rufin iska mai lantarki can ƙololuwar sama, ya faɗo a tasha mai nisan ɗaruruwan kilomita, ita kuma ta zura shi cikin intanet. Babu turken sadarwa ko ɗaya a tsakani. Tafiyar hawainiya yake yi, gaskiya, hoto ma da ƙyar yake wucewa. Amma jerin magungunan da suka ƙare a asibiti, ko adadin yaran da ƙyanda ta kama a ƙauye, ai bai wuce layi goma ba.

To, me ya haɗa teku da Gwiwa? A Satumban 2021 an toshe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, sannan a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, maƙwabciyarmu. Da ɓarawon daji da malamin asibiti duk suka kurmance rana ɗaya. Asibitin da aka yanke wa layi bai da maraba da jirgin da ke tsakiyar ruwa.

Za a ce ai Starlink ya iso Nijeriya tun 2023, kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba. Haka ne, sai dai kuɗin wata yake ci, makullinsa kuma yana hannun kamfani guda a Amurka. Rediyo kuwa, da zarar an saya an karɓi lasisi, batir da farantin sola sun ishe ta, kuma tasha biyu na iya musayar saƙo kai tsaye ko da intanet ta ɗauke.

A ganina, gwamnatin Jigawa ta fara da manyan asibitocin Kazaure da Babura, tasha ta uku a Dutse. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu nan cikin Kazaure. Ɗalibanta na lantarki su kafa eriya, su riƙa gwada layin kowace Litinin.